Abin da Duwatsun Riruwai Suka Ci Mini

Cheras, Kuala Lumpur

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, jirgi ya sauke ka Kano lafiya, ka tarar da dangi lafiya. Zan saka ta a aljihun gefe na jakarka, ka buɗe ta bayan ka huta. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina gare ka, ko sunanka ban taɓa kira ba, balle in zaunar da kai ina kallon idonka ina faɗa maka irin waɗannan maganganu. Labarin gida kuwa ba sai na ba ka ba, kai ka baro shi.

Ka tuna ranar da ka gaya mini. Ka sauko daga Juma'a, muka haɗu a mamak, gidan abincin nan na Sri Petaling, kai da gurasar roti a gabanka, ni da shayi. Ka ce, “Umma, sun ɗauke ni digiri na biyu. Farfesa Lawan da kansa zai duba aikina, kuma a kan duwatsun Riruwai.”

Na ce, “Wane Lawan?” alhali na san wane ne.

Ka ce, har da “lah” ɗin da mutanen garin nan ke ƙarawa a ƙarshen magana, “Umma, don Allah, abin nan ya daɗe da wucewa lah. Shi kaɗai ya rage yana aiki a kan duwatsun nan. In ba wajensa ba, wajen wa zan je?”

Na ce a yi mana tapau ɗin abincin, wato a ƙunshe mana shi, muka hau jirgin ƙasa muka dawo gida, na yi kwanaki ina amsa gaisuwarka da ka kawai. Abin da ka sani shi ne ba na ƙaunar jin sunan mutumin. Ba ka san yadda aka yi ba, kuma ba ka san irin hannun da ni kaina nake da shi a cikin asarar da na yi ba. Tun da ka zaɓi ka je, gara ka je da sani.

Kakanka direban babbar mota ne a ma'adinar kuza ta Riruwai. A gindin waɗannan duwatsu na yi wayo. Muna yara ba mu san su da komai ba sai inuwa da birai da ruwan da ke gangarowa da damina. Sai da na shiga jami'a, ajin jiyoloji, ni kaɗai mace, na ji wani matashin malami da bai daɗe da dawowa daga Turai ba yana cewa duwatsun garinmu gawar wani ƙaton dutse mai aman wuta ne, wanda ya mutu sama da shekara miliyan ɗari, kansa ya rufta ciki, ruwa da iska suka cinye samansa, suka bar mana saiwarsa a kewaye kamar zobe. Ya ɗaga wani guntun dutse ja-ja mai ratsi-ratsi, ya ce, “Wannan toka ce da ta fito da wutarta ta daskare. Tana cike da sodiyam da fotasiyam, dangin abin da ke cikin kanwa da tokar murhu. Wa ya san inda aka tsinto shi?”

Na ɗaga hannu na ce, “Bayan gidanmu.”

Aji ya fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya tambayi sunana, ya rubuta. Wannan malamin shi ne Lawan, kuma ba zan ɓoye maka ba, shi ya sa na so wannan ilimi. Da na gama, shi ya tsaya aka riƙe ni a sashen ina koyarwa, shi kuma ya zama mai duba aikina na gaba.

Tambayar da muke bi, ita ce kai ma za ka je ka tarar: narkakken dutsen da ya haifi Riruwai daga ina ya taso? Shi yana cewa tsohon ɓawon ƙasar nan da muke takawa ne zafi ya narkar daga ƙasa. Ni kuwa na ga wasu baƙaƙen duwatsu masu nauyi a kwazazzabai, a ƙarƙashin jajayen, sai na ce a'a, abin daga can ƙarƙashin ɓawon ya taso, daga zurfi, yana tahowa yana tacewa har ya zama mai kanwa haka. Muna musu a ofis, yana dariya yana cewa, “Ki kawo mini dutse, Rabi, ba baki ba.”

Na je na kawo. Rani bayan rani ina hawa da guduma da kamfas, zanina a ɗaure a kan wando, mutanen gari suna cewa 'yar direba ta samu taɓin hankali. Babanku, Allah ya jiƙansa, yana koyarwa a sakandare a lokacin. In an yi hutu shi yake bina, ya ɗaure buhun duwatsu a bayan babur ɗinsa, yana cewa ya auri mace an haɗa masa da tsauni. Na zana taswirar gefen zoben da babu wanda ya taɓa zanawa filla-filla. Kowane dutse na san ramin da na fasa shi. Ranin ƙarshe da cikinka na hau, har sai da ƙafafuna suka kumbura takalmin ya ƙi shiga.

Da haihuwa ta matso zan tafi gida, Malam Lawan ya ce, “Kawo su nan. Ina da abokai a Turai masu na'urar gwaji. Kafin ki gama wanka sakamako ya dawo, ki zo ki rubuta abinki.” Na kwashe komai na kai masa, taswirori da duwatsu, ban rage ko tsakuwa ba, ban kwafi ko shafi ba. Babanku ya ce, “Da kin raba kowane dutse biyu kin ajiye rabi.” Na ce masa, “Malamina ne fa.” Har na ji haushinsa a ranar.

Na dawo aiki da kai a baya. Duk lokacin da na tambaya, sai ya ce Turawa ba su aiko ba tukuna. Kana tatata, wata safiya na shiga laburare, na buɗe wata mujallar ilimi da ta iso, na ga taswirata. Na gane ta tun kafin in karanta kan maganar, domin akwai wani rafi da na lanƙwasa fiye da yadda yake, kuma ga shi nan a lanƙwashe. Sunansa a sama, da na Turawa biyu. Sunana yana can ƙarshe wajen godiya, layi ɗaya da direban sashe. Baƙaƙen duwatsuna ko ambatonsu ba a yi ba. Maƙalar ta ce ɓawon ƙasa ne ya narke, shi ke nan.

Na tafi ofishinsa da mujallar a hannu. Ya ɗago ya ga abin da nake riƙe da shi, bai ko girgiza ba. Ya ce, “Zauna, Rabi. Turawan nan su suka yi gwajin, dole a sa su. Ke kuma yanzu kika fara, ga goyo. Sunan me zai yi miki a yanzu? Na gaba naki ne.”

Na tsara magana tun daga laburare har ƙofarsa. Amma da ya yi shiru yana jirana, abin da ya fito daga bakina shi ne, “To, Malam. Na gode.” Har na rusuna. Na fito na jingina da bangon baranda, kana barci a bayana, ina jin numfashinka a wuyana, na kasa ko kuka.

Wannan godiya ta fi satar ci mini rai. An koya mana kada mu ɗaga ido a gaban babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma ba wanda ya koya mini yadda ake cewa babba ya yi ba daidai ba cikin ladabi. Ka koya, Abba. Ana iya rusunawa a ce, “Malam, wannan aikina ne, ina roƙon a sa sunana.” Ba zagi a ciki, ba rashin kunya. In ka faɗa aka ƙi, ka yi asarar aikin kawai. In ka haɗiye, za ka riƙa maimaita maganar a ranka kana wanke-wanke, kana sujada, kana aurar da 'ya'yanka, kuma wanda ya kamata ya ji ta ba zai taɓa ji ba. Kuma ka yi maganar suna tun kafin ka fasa dutsen farko, lokacin da kowa ke fara'a.

Na bar ƙarƙashinsa, amma ban bar sashen ba. Ƙofar ofishina tana kallon tasa. Na koma Riruwai na sake tara duwatsu, wannan karon na shafa wa kowanne lamba da fenti, na jibge su a ɗakin ajiyar gidanmu, inda kuke ɓuya kuna wasa. Ana nan sai aka kawo wa sashenmu na'urar gwajin sinadaran dutse, kyauta daga waje, a cikin manyan akwatunan katako. Aka ajiye su a baranda kafin a gina mata ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Na ce alhamdu lillahi, a nan gida zan ƙaryata shi, da na'urar gida, a gaban idonsa.

Ɗakin ba a gina ba. Bana a ce baɗi, baɗi a ce an canza shugaba. Ɗalibai suka mai da akwatunan benci, masu shara suna jingina tsintsiya a jikinsu. A cikin shekarun nan sau da dama hanya ta buɗe mini in tafi waje in yi digirin dakta. Babanku ya ce, “Ki tafi, Rabi. Zan riƙe yaran, Inna za ta taya ni.”

Na ce, “In na tafi zai ce Turawa ne suka yi mini.”

Ya ce, “To ya ce mana. Ke digiri kike nema ko bakinsa?”

Na yi fushi na bar masa ɗakin. Mutum ne da ba ya maimaita magana, amma wannan ya maimaita ta shekara da shekaru. Shi a gida Dakta yake kirana, da wasa, tun ba ni da komai. Da ciwon ƙodar nan ya kwantar da shi, ina ba shi kunu a asibiti, ya ce, “Na so in ga ranar da za a kira ki da sunan nan a gaban mutane.” Na ce, “Za ka gani, an ce an kusa fara ginin.” Ya dube ni kawai, ya kau da kai daga cokalin.

Bayan rasuwarsa aka buɗe akwatunan, domin wani baƙo zai zo duba kayan sashe. Ina tsaye. Laima ta shiga, ɓeraye sun yi gida, wayoyin sun zama gari. Injiniyan da aka kira ya ce ko da lafiyarta ƙalau, an daina yin kayan gyaranta. Malam Lawan, a lokacin ya zama farfesa, ya leƙa ya ce, “Kash,” ya wuce ajinsa.

Gwamnati da shugabannin da suka bar na'ura ta ruɓe a baranda suna da alhakinsu, kuma ban yafe musu ba. Amma su ba su ɗaure ni ba. Ni na zauna, saboda ina son a yi abin yadda na tsara shi a raina, a wurin da na zaɓa, a gaban wanda na zaɓa. Kada ka jingina rayuwarka da alkawarin hukuma. In an ce maka kayan aiki suna hanya, ka yi murna, ka kuma nemi wata ƙofa a ranar. In kuma Allah ya haɗa ka da mai sonka tsakani da Allah, ya faɗa maka magana ɗaya sau uku, ka tsaya ka saurara ko da tana ƙona ka. Ni nawa ya tafi ban taɓa ce masa ya yi gaskiya ba.

Sauran ka gani da idonka, sai dai ba ka ga cikinsa ba. Tallafin karatu ya fito ina dab da hamsin, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Na kwaso ku, kai da ƙanwarka Hanan, da akwatunan da rabinsu duwatsu ne. Ka tuna jami'in filin jirgi da ya buɗe ɗaya ya riƙa juya dutse a hannunsa yana kallona, har ya kira abokin aikinsa su yi dariya tare. Muka sauka a wannan bene na Cheras mai warin soyayyen kifi, na koma ɗaliba a cikin yaran da na haifi sa'anninsu. Ƙananan malaman da suka zo daga gida tare da ni suna ce mini Mama, suna tashi su ba ni kujera, wasu cikinsu ma ni na koyar da su.

Dakta Salmah ce mai duba aikina a nan, ka san ta, 'yar siririyar matar nan da take aiko mana da kek ranar sallah. Ta girme ni da kaɗan, ba ta da yawan magana. Ranar farko na zauna na kwashe labarin Lawan kaf na gaya mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Boleh,” wato ba laifi. “Mu ga abin da duwatsun za su ce.”

Na yanka su, na niƙe su suka zama gari mai laushi kamar hoda, na narkar da garin a asid, na'ura ta karanta. Abin da na jira rabin rayuwata, a nan cikin 'yan watanni aka yi shi. Sakamakon farko na baƙaƙen duwatsun ne, kuma ya ce abin da na ce: daga zurfi suke, daga ƙarƙashin ɓawon ƙasa. Ranar ce na sayo muku kaza a Brickfields kuna tambayata ko an yi mini albishir ne. Na zauna a jirgin ƙasa ina tsara wasiƙar da zan aika wa Lawan.

Sai aka zo kan jajayen, waɗanda su ne mafi yawan tsaunin. Akwai gwajin da ake yi da wani sinadari mai suna sitronshiyam, wanda ke nuna asalin dutse kamar yadda gwajin jini ke nuna dangi. Jajayen da yawa suka nuna jinin tsohon ɓawon ƙasa a jikinsu, ba kaɗan ba. Ma'ana, wuta ta taso daga zurfi kamar yadda na ce, amma da ta iso ta narkar da ɓawon ta haɗiye shi, kamar yadda ya ce. Rabin gaskiyar tana hannuna, rabin tana hannun mutumin da ya sace mini taswira.

Na ce na'urar ce ta yi kuskure. Na sake niƙa, na sake narkarwa, na ce asid ɗin ne ba shi da tsabta, na sake. Kusan shekara na ƙone a haka, tallafina yana ƙarewa, kai kana dafa wa Hanan abinci kana duba mata aikin makaranta, har yarinyar ta koma in na yi mata Hausa ta amsa da Malayanci. Daga ƙarshe na rubuta babin, na zana jadawalin, na bar waɗancan samfuran a waje. Na gaya wa kaina ruwan sama ne ya lalata su tun a tsauni.

Dakta Salmah ta karanta, ta kira ni ofis. Ta ce, “Rabi, ina jajayen da muka gwada?”

Na ce, “Sun gurɓata.”

Ta ce, “Na duba yankansu a madubin ƙara girma da kaina. Lafiyarsu ƙalau.” Ta cire gilashinta ta ajiye. “Kin ce mini wancan mutumin ya bar baƙaƙen duwatsunki a waje saboda ba su yi masa daɗi ba. Ke kuma yanzu kin bar jajaye.”

Na ji kamar ta watsa mini ruwan zafi. Na ce, “Kada ki haɗa ni da shi.”

Ta ce, “Ba ni na haɗa ku ba. Shi ya cuce ki, na yarda. Dutsen bai cuce ki ba. Ki mayar da su, ko ki nemi wani ya sa miki hannu.”

Na fito ana ruwa irin na garin nan, na tsaya a rumfar bas, motoci suna zuwa suna wucewa ban shiga ba. Na yi mako ban koma ba. Sannan na koma na mayar da su. Na sake rubuta babin, kuma dole na ambaci maƙalarsa, wadda taswirata ke ciki, na rubuta da hannuna cewa sakamakona ya goyi bayan wani ɓangare na ra'ayinsa. Ban taɓa rubuta jimlar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba. Masu jarrabawa kuma babin da suka fi yabawa ke nan.

Abba, za ka so wani ra'ayi wata rana, ka ji kamar naka ne na jini. Ka ji tsoron ranar. Samfurin da ya ƙi bin maganarka shi za ka fi riƙewa da kyau, ka sa shi a jadawali ko da zai rushe maka aikin shekara. Ni da na san zafin a share gaskiya saboda ba ta yi wa mutum daɗi ba, ni ce na ɗauki abin sharewa, kuma da wata baƙuwa ba ta riƙe hannuna ba da na yi. Ƙiyayya ba ta tsaya a kan wanda ake ƙi, tana bin mutum har cikin aikinsa da ɗakin 'ya'yansa. Shekarar da na bar muku gidan nan kamar marayu biyu, ba ilimi nake nema ba, shi nake bi. Ka yi haƙuri da wannan. Na ga yadda ka riƙe ƙanwarka, ban ce komai ba, amma na gani.

Yanzu ga ka za ka je wajensa. Ba zan hana ka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa na ji daɗi ba. In na tuna za ka rusuna a ofishin nan ka ce masa Malam, sai in ture abincin da ke gabana in tashi. Amma zan faɗa maka gaskiya a kansa, tun da na sha wuya kafin in koyi faɗinta. Ban taɓa ganin mai idon dutse kamarsa ba. Yana iya tsayawa a gindin tsauni ya nuna maka inda aman wuta ɗaya ya ƙare wani ya fara, daga launin ciyawar da ta tsiro a kai. Ya tsufa, an ce gwiwa ta hana shi hawa, kuma in ya tafi da abin da ke kansa babu mai shi. Ka bi shi, ka riƙe masa jaka, ka tambaye shi har ya gaji. Ka gaishe shi yadda ake gai da sa'an uba. Kada ka shiga da fuskata, kada ka je karɓar mini hakki, ba aikenka na yi ba.

Amma kowane dutse ka fasa, ka raba shi biyu, rabi ya kwana a gidan kawunka. Kowace taswira ka zana, ka kwafe ta kafin ta shiga ofishin kowa. Ba shi kaɗai nake nufi ba, har abokinka na kusa. Wannan ba mugun zato ba ne, rufa wa zumunci asiri ne, domin mutane da yawa ba ɓarayi ba ne sai ranar da aka bar su su kaɗai da abin da ba mai shaida. In kuma Allah ya ɗaga ka wata rana ka zama kai ne mai ofis, yarinya ta shigo maka da goyo a baya da aikinta a hannu, ka sa sunanta inda ya dace tun kafin ta tambaya, domin mai yiwuwa ba za ta iya tambaya ba.

Ka ce mini da kuka yi waya ya ce a gaishe ni, wai ni ce ɗalibar da ta fi kowa a duk waɗanda ya koyar. Na ga kana murna da ka faɗa, ka ɗauka zan ji sanyi. Ya san haka tun ranar da ya cire sunana, Abba. Ban san ko ya manta abin da ya yi ba ne, ko kuwa a wurinsa ba wani abu ba ne. Na fi zaton na biyun, kuma shi ya fi ciwo: na yi shekara ashirin da wani abu ina faɗa da mutumin da bai san ana faɗa ba.

Azumin da ya wuce na yi niyyar yafe masa. Na ɗaga hannu bayan sallah, bakina ya faɗa, zuciyata ba ta bi ba. Zan sake gwadawa baɗi in Allah ya kai mu. In ya sake cewa a gaishe ni, ka ce ina amsawa. Kada ka ƙara komai a kai, kada kuma ka rage.

Kafin ka wuce jami'a, ka sa kawunka ya raka ka maƙabarta wajen babanku. Ka yi masa addu'a mai tsawo. An sa ranar taron yaye mu a nan, za a kira sunana da abin da yake kirana da shi a gida, ni da Hanan kaɗai za mu je. Ba na son ka ɓata karatunka ka dawo dominsa.

Ka kula da sallah a kan lokaci, ko kana kan tsauni. Ka sa takalmi mai rufe idon sawu, akwai macizai a kwazazzaban gabas, kuma kada ka hau kai kaɗai ko da ka ga ka san hanya. Ka gai da kawunka da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye ni a Riruwai, in akwai sauran wanda ya tuna 'yar direba.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciyarka. Allah ya ba ka ilimi mai amfani, ya haɗa ka da masu riƙon amana, ya sa kai ma ka riƙe ta wasu. Allah ya sa abin da ya ci ni ya tsaya a kaina, kada ya kai gare ka. Na yafe maka duniya da lahira, Allah ya yi maka albarka.

Wassalamu alaikum.

Ummanka,
Rabi